Motar da Shehata Ya Wanke da Wadda Bai Wanke Ba

Shekara arba'in da bakwai Shehata ya yi yana kula da garejin gidan Adli Beh a unguwar Kafr Abdu, cikin Iskandariyya, amma bai taɓa tuƙa mota a kan titi ba. Ya iya ta da inji, ya iya sa giya ta ɗaya da ribas, ya iya fito da mota zuwa bakin ƙofar gida ya mai da ita. Iyakarsa ke nan. Ba wanda ya taɓa ce masa ya wuce ƙofar, shi ma bai tambaya ba.

Yana ɗan shekara goma sha takwas ya baro ƙauyensu da ke kudu, kusa da Suhaj, da niyyar yin dako a tashar jirgin ruwa. Wani ɗan garinsu mai ban ruwan lambu ya gaya masa Beh na neman mai wanke motoci. Beh laƙabin girmamawa ne da ake yi wa manya a can. Adli Beh lauyan kamfanonin jiragen ruwa ne, dogo, marar yawan magana. Ya ce Shehata ya miƙo hannuwansa. Da ya ga babu zobe, babu dogon farce, ya ce an ɗauke shi.

Motoci biyu ne a garejin. Kowace ƙofa biyu gare ta, da dogon hanci, da wasu 'yan kujerun baya waɗanda babba ba ya iya zama a kansu. Irin motocin nan ne da ake ƙerawa don mutum biyu da akwati biyu su ratsa ƙasa guda tsakanin karin kumallo da magariba. Sunayensu na jikinsu da rubutun Turawa, Shehata kuwa bai iya shi ba, sai ya bi bakin mutanen gidan: koriyar ita ce 'yar Ingila, shuɗiyar kuma 'yar Italiya. 'Yar Ingila sitiyarinta a dama yake, domin Beh da kansa ya je can ya sayo ta. Cikinta kamar falon attajiri, jar fata mai laushi da katako mai sheƙi. 'Yar Italiya gajeriya ce, ta kwanta da ƙasa, jikinta na alminiyam ne da aka buga da hannu, ba kauri, in ka jingina da gwiwar hannu sai ya lotsa.

In Beh zai je kotu a Alƙahira, 'yar Ingila yake ɗauka. In Juma'a ta yi ya ga dama, sai ya fito da 'yar Italiya ya bi gaɓar teku da ita. A haka Shehata ya yi aure, aka ba shi ɗaki biyu a saman garejin, matarsa Ni'imat ta haifa masa Gamal da 'yan mata biyu.

A shekararsa ta goma sha uku a gidan aka yi rikici. Sami, ɗan Beh namiji tilo, ya ce ba zai gaji ofishin lauya ba, Ostireliya zai tafi. Uban ya ce in ya tafi kada ya dawo. Wata safiya Sami ya ɗauki 'yar Italiya ya kai kansa filin jirgin sama na Alƙahira, ya bar ta a can. Beh ya je da kansa ya dawo da ita, ya shigar da ita can ƙuryar garejin, ya kulle ƙofofinta, ya jefa makullin a aljihu.

"Daga yau kada hannun kowa ya taɓa motar nan," in ji shi.

"Ko ƙura, ya Beh?"

"Ko ƙura."

Shehata mutum ne da in an gaya masa magana sau ɗaya ta zauna. Tun daga ranar yake kewaye motar in yana shara. Tayoyinta suka sace, ta ƙara kwanciya. Ƙura ta hau, ta yi kauri, ta koma kamar bargo. Kyanwoyi sun haihu a ƙarƙashinta ba adadi. Duk kulawar da ya kamata ya raba biyu sai ya juye wa 'yar Ingila: wanki kullum safe, goge wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, ta da inji duk Alhamis.

Bayan shekara tara shanyewar ɓarin jiki ta kama Beh. Bai sake tuƙi ba, amma duk la'asar sai an turo shi a keken marasa lafiya an ɗora shi a kujerar gaba. Shehata ya ta da motar, ya kai shi bakin ƙofar gida, su tsaya suna kallon masu wucewa, ya mai da shi. Saboda wannan zaman ne Shehata ya ƙudura ba zai bari motar ta tsufa a idon mai ita ba. Da iskar teku ta cinye fentin, ya kira abokinsa Usta Girgis, mai fentin motoci a Bakus. Girgis ba shi da irin koren nan mai duhu, ya fesa mata wani mai haske, ya ce ai wannan ya fi fitowa. Da fatar kujerun ta tsattsage, aka kawo mai ɗinkin kujerun tasi ya sa leda mai ƙarfi, wadda ko wuƙa sai ta yi da gaske. Wani kafinta ya kankare katakon gaba ya shafa masa mai ƙyalli. Da kafiretocinta suka gaji, bakanike ya cire su, ya ɗauko ɗaya ta wata motar ya dasa. Rediyon ma an cire an sa kaset, don Beh ya riƙa jin karatun Alƙur'ani. Duk lokacin da Shehata ya je neman izini, Duriyya Hanim, uwargidan, sai ta ce, "Yi abin da ka ga ya dace, Shehata, kai ka san ta."

Beh ya rasu. Sami ma ya rasu a can ƙasar da ya je, bai taɓa dawowa ba. Daga baya Hanim ta bi su. Ya rage saura 'yarsu, Dokta Nahid, likitar ido a Alƙahira, wadda ba ta da yadda za ta yi da gida mai ɗaki goma sha huɗu. Ta sayar wa masu gina dogayen benaye. Sai ta bugo wa Shehata waya ta ce ranar Asabar za ta zo da wasu mutum biyu, masu tara tsofaffin motoci, su duba na garejin.

"Ka ɗan gyara wurin, Ammu Shehata," in ji ta, don haka take kiransa, wato baffa.

Kwana uku ya yi yana goge 'yar Ingila har tana ɗaukar ido. Matsalar ita ce ɗayar. Ni'imat ta sauko ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu.

"Abu Gamal, haka baƙi za su zo su ga wannan? Cewa za su yi tsohon nan barci yake yi shekara talatin."

"Beh ya ce kada a taɓa."

"Beh na kabari. Dokta ta ce ka gyara wuri."

"Wuri ta ce. Ba ta ce mota ba."

"Motar a sama take? Ba a wurin take ba?"

Da yamma Shehata ya je shagon Girgis ya tambaye shi ko umarnin mutum yana mutuwa tare da shi. Girgis ya kurɓi shayi ya ce, "Kai ɗan ƙauye, ni mai fenti ne. Je ka tambayi limaminku, in ya rasa in kai ka wurin fadanmu na coci." Shehata bai tambayi kowa ba. Ya kwana da abin, ya tashi da shi. Da hantsin Asabar ya cika bokiti, ya ɗauki soso, ya yi wa Beh addu'a, ya ce Allah ya yafe masa in kuskure ne. Ya fara daga kafaɗar hagu ta 'yar Italiya, saman tayar gaba. Ruwan ya gangaro baƙi ƙirin, sai ga shuɗin nan da ya manta da shi ya fito, mai zurfi kamar teku da safe. Ya tsaya yana kallo. Ya sake tsoma soson.

"Tsaya! Don Allah tsaya!"

Wani siririn mutum ne da farar riga ya shigo da gudu ya riƙe masa wuyan hannu. Bayansa wani mai ƙiba, mai furfura, yana tafe yana haki, sai Dokta Nahid. Sun iso kafin lokacin da suka faɗa. Siririn shi ne Rafik Beh, wanda ba ya tara komai sai motocin Italiya. Mai ƙibar kuma Injiniya Midhat, shi na Ingila ne nasa. Abokai ne tun suna makaranta.

Rafik Beh ya karɓe soson ya ajiye can nesa, ya durƙusa gaban wurin da aka wanke kamar mai duba rauni.

"Me ka yi haka, Ammu?"

"Ku yi haƙuri, ya Beh. Da kun ƙara awa guda da na gama."

"Da mun ƙara awa guda da ka kashe ni. Shekara nawa ƙurar nan?"

"Talatin da huɗu."

Rafik ya rufe ido. "Talatin da huɗu. Midhat, ka ji? Ba a taɓa ba, ba a gyara ba, ba a fesa ba. Irin wannan sau ɗaya mutum ke gani a rayuwa."

Shehata ya ɗauka gatse ake yi masa. Ya sunkuyar da kai ya fara bayanin cewa ba lalaci ba ne, umarni aka ba shi. Rafik ya ce Allah ya ji ƙan wanda ya ba da wannan umarni, ya kuma saka wa wanda ya bi shi. Ya fito da waya ya shiga ɗaukar hoton ƙurar ta kowace kusurwa, har sawun kyanwa da ke kan bonet.

Ni'imat ta aiko da shayi. Mutanen biyu suka tsaya tsakanin motocin da kofuna a hannu, suka kama wata gardama da alama ba yau suka fara ta ba.

"To ga taka nan, an samo maka," in ji Midhat. "Sai ka kai ta gida ka yi ta roƙonta ta tashi. In ta tashi kuma unguwa duka ta sani."

"Ka ji masu kujerar falo da aka sa wa taya. Ai tsofaffi masu ciwon baya aka ƙera wa motocinku, shi ya sa suka dace da kai."

"Ni dai ina shiga nan in fita can garin Matruh da wandona a goge. Kai sau nawa ka je Matruh ba a jawo ka da igiya ba?"

"Sau biyu."

"Cikin shekara ashirin."

"Amma wannan sau biyun, har ka mutu ba za ka ɗanɗana irinsu ba."

"Baturen Ingila ya zauna ya auna, ya rubuta littafi, kowace ƙusa da lambarta. Naka kuwa ya buga ƙofar dama ran Litinin, ta hagu ran Alhamis bayan ya cika ciki da taliya. Auna su ka gani in sun zo ɗaya."

"Shi ya sa babu biyu iri ɗaya a duniya. Taka in ta ɓata a filin ajiye motoci, sai ka shiga ta maƙwabci ba ka sani ba."

Suka yi ta ambaton sunaye da lambobi da shekaru waɗanda Shehata bai kama ko ɗaya ba. Can Midhat ya juyo gare shi.

"Ammu Shehata, kai ka zauna da su duka biyun. Raba mana. Wace ta fi?"

Shehata ya yi tunani sosai, don ba ya son ya faɗi abin da bai sani ba. "'Yar Italiya ta fi sauƙin wanki," in ji shi. "Wannan wayoyin tayarta sun yi yawa."

Suka fashe da dariya har Rafik ya zubar da shayi a riga. Shehata bai ga abin dariya ba, gaskiya ya faɗa.

Sai Midhat ya ajiye kofi ya nufi 'yar Ingila. A nan Shehata ya gyara tsayuwa, domin an zo wurin da zai wanke kansa. Injiniyan ya kewaya ta sau ɗaya a hankali, ya shafa fentin, ya duba yatsansa.

"Wannan koren fa?"

"Ni na sa aka yi, ya Injiniya. Usta Girgis ne, hannunsa babu irinsa a Bakus. Har ƙasa ya kankare tsohon."

"Har ƙasa."

"Bai bar ko ɗigo ba."

Midhat ya buɗe ƙofa ya danna kujera da yatsa. Shehata ya ce leda ce mai kyau, shekara goma sha takwas ke nan ko tsagewa ba ta yi ba. Ya nuna masa katakon gaba, yadda mutum zai iya ganin fuskarsa a ciki. Ya danna kaset ɗin, karatu ya tashi. Ya buɗe bonet ya nuna kafiretar da aka dasa, ya ce tun da aka sa ta motar ta rage shan mai. Duk abin da ya nuna, sai ya ga fuskar Injiniyan ta ƙara faɗuwa. A ƙarshe Midhat ya nemi wuri ya zauna a kan wani akwati, ya cire tabarau yana murza ido.

"Ba ka da lafiya ne, ya Injiniya?"

Rafik ne ya amsa, yana danne dariya. "Lafiyarsa lau. Kulawarka ce ta yi masa yawa."

Dokta Nahid ta ja Shehata gefe ta yi masa bayani a hankali, yadda take yi wa tsofaffi a asibiti. Ta ce su waɗannan mutanen ba sabuwar mota suke nema ba. So suke su same ta yadda ta fito daga hannun maƙeranta, da fentinta na fari ko ya koɗe, da fatarta ta fari ko ta yage. Duk abin da aka sauya, a wurinsu ragi ne.

"Wato wadda na kula da ita na ɓata ta."

"Ba haka nake nufi ba, Ammu."

"Wadda na bari kyanwa na haihuwa a ƙarƙashinta kuma na kyauta."

"A wurinsu, kusan haka ne."

"Amma waccan ba ta tashi, Dokta. Wannan tana tashi."

"Na sani."

"To mota ba don ta tashi ake yin ta ba?"

Sai Midhat ya ɗago kai yana tambaya, da muryar wanda ya riga ya fid da rai, ko an san inda aka zubar da tsofaffin kayan. Shehata ya ji tambayar ta yi masa zafi.

"Zubarwa? Kayan Beh ne. Wa ya ba ni izinin zubarwa?"

Ya kai su wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala. Komai na nan cikin buhuna, an ɗaure baki: kafiretocin asali nannaɗe da tsumma mai mai, tsohon rediyo, fatun kujeru a ninke, har ƙusoshin da aka kwance a cikin gwangwanin man shanu. Midhat ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai guga, ya ɗauki yagaggiyar fata ya kai hanci yana shaƙa. Ya rungume Shehata ya sumbace shi a ka. Minti goma da suka wuce mutumin nan ko kallonsa ba ya son yi.

Da aka shimfiɗa fatun aka ga babu ta mazaunin direba. Shehata ya tuna Ni'imat ta ɗauke ta tun tuni ta ɗinke matashin kujerar keken ɗinkinta. Midhat ya hau sama da kansa ya yi sallama. Ni'imat ta saurare shi har ya gama.

"Wannan tsumman kake so, ya Injiniya? Shekara goma sha takwas ina zama a kansa."

"Shi nake so, ya Ummu Gamal."

"To ka kawo mini wani matashin, mai laushi, don bayana ba ya son katako." Da ya sauka da matashin a ƙirji, ta leƙo ta ce wa mijinta a hankali, "Anya mutanen nan ƙalau suke?"

Saura buɗe 'yar Italiya. Dokta Nahid ta samo makullin a akwatin zare da allura na mahaifiyarta. Rafik ya sa safar hannu, ya ɗiga mai a ramin makullin, ya murɗa a hankali har ya amsa. Wani wari ya fito na tsohuwar fata da taba. A kujerar gefe akwai jarida ta yi ruwan ƙasa, da kwalin sigari saura rabi, da baƙin tabarau. Nahid ta daɗe tana kallo. Tana da shekara goma sha biyar ranar da yayanta ya fita, ba ta kuma sake ganinsa ba sai a hoto. Ta miƙa hannu ta ɗauki tabaran.

"Dokta," in ji Rafik da ladabi, "da an bar komai a inda yake. Yana cikin tarihin motar."

"Na yayana ne," in ji ta, ta sa shi a jaka. Rafik ya dubi Midhat, Midhat ya kau da kai.

Bayan sati aka zo ɗaukar 'yar Italiya. Rafik ya kawo mota mai rufaffen baya, ya hana a lulluɓe ta da tamfol kada ya goge ƙurar, ya kuma gargaɗi direba kada ya yi gudu. Abin da ke damunsa shi ne kafaɗar nan da aka wanke, tana ta sheƙi ita kaɗai. Girgis, wanda ya zo kallo, ya ce in ƙura ake nema yana da ita buhu-buhu a shago, kyauta. Rafik ya ce ba haka abin yake ba, sai ƙurarta ta kanta. Shehata, da zuciya ɗaya, ya ce ai ta saman katangar garejin ma shekarunsu ɗaya da ta motar, ba a taɓa share ta ba, yana iya ɗebowa ya barbaɗa. Rafik ya ɗaga kai ya dubi katangar, ya daɗe yana kallonta har Shehata ya fara neman tsani. Sannan ya girgiza kai ya ce a'a, hakan zai zama ƙarya. Shehata ya mai da tsanin. Har yau bai gane inda ƙaryar take ba.

'Yar Ingila kuwa Midhat ya ce da ƙafarta za ta je Alƙahira, kuma Shehata zai raka ta. Shehata ya zauna a kujerar da Beh ke zama, da ƙullin tufafinsa a cinya. Suka fita ƙofar gida, suka ratsa gari, suka hau hanyar hamada. Da Injiniyan ya sa giya ta huɗu ya taka totur, sai motar ta saki wata murya mai kauri daga ƙasa, wadda Shehata bai taɓa ji ba. Ya dafe katakon gaba.

"Tsaya, ya Injiniya, wani abu ya lalace."

"Me ka ji?"

"Wannan kukan. Ba haka take yi ba."

"Haka take yi, Ammu. Don wannan aka ƙera ta. Kai gaisuwarta kawai ka saba ji."

Shehata bai yarda ba. Ya kasa kunne har suka wuce rabin hanya yana jiran abu ya fashe. Da bai fashe ba, ya saki katakon, ya sauke gilashi kaɗan. A wurin hutawa ya ƙi shiga shan shayi, ya tsaya yana goge ƙwarin da suka manne a hancinta.

Midhat na da motoci goma sha ɗaya a wani gini mai na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma ce Shehata ya zauna ya kula da su. Amma an hana shi ruwa da soso, an ba shi farar safar hannu da wani tsumma na musamman. Wata ana gogewa, wata ba a gogewa, wata ana goge gilashinta kaɗai, kuma ya kasa gane dokar da ke raba su. Yana nan aka fara kwance kujerun ledar 'yar Ingila ana mai da yagaggun fatun, wani ƙwararre yana bin kowace tsaga da allura ba don ya ɓoye ta ba, don dai kada ta ƙaru. Kwana tara ya yi. A na goma ya ce Ni'imat ba ta jin daɗi, ya hau jirgin ƙasa ya koma.

An rushe gidan Kafr Abdu. Yanzu shi da Ni'imat suna zaune wurin Gamal a Sidi Bishr, a hawa na huɗu. Da safe yakan hau tarago ya je shagon Girgis, su zauna a bakin ƙofa, Girgis na tsokanarsa da cewa da ya kwanta barci tun yana saurayi da yanzu shi gwani ne. Wata rana Gamal ya nuna masa hoto a waya: 'yar Ingila a kan ciyawa a wani taro, ta koma kore mai duhu, mutane sun kewaye ta, kujerunta duk tsaga. Shehata ya kawo wayar kusa da ido.

"Har yanzu ba su gama gyaran ba?"

"Sun gama, Baba. Har kofi aka ba ta."

Ya mayar masa da wayar.

Tun da aka mai da kafiretocin asali motar ta koma halinta na da, wanda a duniya Shehata kaɗai ya sani: in ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, sai an bi ta da dabara. Saboda haka duk bayan 'yan makonni Injiniya Midhat yakan bugo. Ranar Talatar da ta wuce ma ya bugo, suna tsakiyar cin wake da burodi a shagon Girgis.

"Ammu Shehata, ta ƙi."

"Ka taka totur ne?"

"Sau ɗaya kawai."

"Na ce maka kada ka taka. Kai wayar kusa da inji in ji." Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya ɗaga wa Girgis hannu alamar ya yi shiru. "Murɗa makulli rabi. Bar ta haka. Kana jin ƙas-ƙas ɗin nan? Jira sai ya lafa. Kada ka yi gaggawa, ya Injiniya. To, yanzu."

Ta cikin wayar aka ji ta yi tari sau biyu, ta kama. Midhat ya shiga godiya, ya ce ga Rafik nan kusa yana gaisuwa, yana kuma tambaya ko Shehata ya tuna irin sabulun da ya sa a bokitin ranar nan, don masu rubuta tarihin motar suna son sani. Shehata ya ce sabulun wanke-wanken Ni'imat ne, mai warin lemun tsami. Ya ji Rafik na maimaitawa a hankali kamar mai rubutawa. Ya kashe wayar, ya jawo kwanon waken gabansa, ya ce Girgis ya miƙo masa gishiri.